Faɗi-ka-Mutu: Tarihin Tangaran Daga Ƙasar Sin Zuwa Kaya

A ɗakin kakata ta wajen uba, a garin Kaya ta ƙasar Maradun, akwai wani faranti guda ɗaya, fari fat, mai zanen shuɗin fure a kewayen bakinsa, wanda tun da na yi wayo har ranar da Allah ya karɓi abarsa ban taɓa ganin an zuba masa tuwo ko miya ba, alhali kuwa duk cikin abin da ta mallaka babu wanda ta fi ji da shi kamarsa. Mazauninsa can ƙololuwar jere ne, sama da tasoshi da kumbuna da langogi, an jingina shi da bango an tokare gindinsa da ɗan curin yumɓu don kada ya zame. Wata rana da hantsi, ina ɗan shekara bakwai ko takwas, na jawo turmi na taka na miƙa hannu, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa: "Kai maigida, kak ka taɓa! Wanga faɗi-ka-mutu na, ba ƙwarya ta ba da gyartai ka ɗumkewa." Da ta ga idona ya kawo ruwa, sai ta sauko da shi da kanta, ta ɗora shi bisa yatsunta uku, ta kawo shi kusa da kunnena, ta ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Amon da ya fita siriri ne, mai tsawo, ya daɗe yana kaɗawa a cikin ɗakin kafin ya ɓace, kuma babu tukunya ko kasko ko akushi a gidanmu da ya taɓa yin irinsa.

Sunaye biyu muke da su na wannan abu, tangaran da faɗi-ka-mutu, kuma duk wanda ya saurara da kyau zai ji cewa Bahaushe bai kula da inda abin ya fito ba sa'ad da yake raɗa masa suna, halinsa kawai ya duba. A kunnena, na farkon amon nan ne da kakata ta jiyar da ni, na biyun kuwa hukunci ne da aka yanke masa tun ran da aka fara ganinsa: ƙwarya in ta tsage akwai gyartai, akushi in ya dare akwai ɗauri, amma wannan faɗuwarsa ɗaya ce, ita ce ajalinsa.

Sauran al'ummai ba haka suka yi ba. Turawan Ingila suna kiransa china, wato da sunan ƙasar da muke ce wa Sin, ba su bambanta su a rubutu sai da cewa sunan ƙasa da babban baƙi yake farawa, na kwano kuwa da ƙarami. Malaman luggarsu sun nuna cewa kalmar ba kai tsaye ta zo musu ba, ta hannun Farisawa da mutanen Hindu ta biyo, waɗanda ke ce wa irin wannan kwano cini, ma'ana ɗan ƙasar Sin. Dalili ke nan da ya sa tun daga ƙarni na 17 har zuwa farkon na 19 manyan mutanen London da yawa ceni suke furta ta in suna nufin kwano. Ba su yi mata jam'i, kamar yadda mu ba mu ƙirga gishiri ko hatsi da ɗai-ɗai, suna ne na jinsi da ya tattara faranti da kofi da butar shayi da mazubin miya baki ɗaya. Da tafiya ta yi nisa sai ma'anar ta yalwata ta bar asalinta, har ya zama farantin da aka gina aka gasa a tsakiyar Ingila, wanda ko ƙurar Sin bai taɓa gani ba, shi ma sunansa ke nan, muddin dai fari ne mai kyau da ake fitarwa domin baƙi. Suna da karin magana a kan bijimin da ya faɗa kantin tangaran, suna yi wa mutum mai garaje a wurin da ke bukatar lallami. Kuma a al'adarsu in aure ya cika shekara 20, kyautar da ta dace da ranar ita ce ta tangaran. Larabawa ma nisbar ƙasa suka yi masa, suka ce sini, daga nan ne kuma siniyya ta fito, wato babban tiren da ake jera abinci a kai, kalmar da ta gangara har bakin tekun Afirka ta gabas, inda masu jin Sawahili ke cewa sinia.

Kafin a shiga tarihi ya kamata a san mene ne ainihin bambancin tangaran da tukunya, tun da dukansu ƙasa ce aka kwaɓa aka gasa. Maginanmu na bakin gulbi suna haƙo yumɓu a fadama, su tsarma shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi, su gina tulu da randa da tanda da kaskon turare, su shanya, sa'an nan su jera su a fili su lulluɓe da kara da kashin shanu da itace su cinna wuta. Zafin irin wannan wuta ba ya kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka yumɓun yana ƙanƙamewa ne kawai, ƙananan ƙofofin jikinsa suna nan a buɗe. Tangaran kuwa da wani nau'in farar ƙasa ake yinsa, a haɗa ta da garin wani dutse mai narkewa, a rufe a cikin tanderu a hura wuta har ta kai wajen digiri 1,300 ko fiye, inda dutsen zai narke ya bi jikin farar ƙasar ya liƙe ta, abin ya fito tsakanin dutse da gilashi: ba ya shan ruwa, ba ya riƙe ƙamshin daddawa, in an ɗaga siririnsa ga rana ana ganin inuwar yatsu ta bayansa. Amma kada a ɗauka wannan fifiko ne ta kowace fuska. Ƙofofin nan da ke jikin randa su ne ke sa ta yin gumi, gumin kuwa shi ke sanyaya ruwa a tsakiyar bazarar Zamfara, abin da tangaran komai tsadarsa ba zai iya ba.

Mutanen Sin ne Allah ya fara buɗe wa wannan sirri, kuma a zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, farin tangaran ya riga ya zama hajar fatauci. Garin da ya fi shahara da shi, Jingdezhen, ya sami sunansa ne a 1004 daga laƙabin zamanin sarkin da ke kan gado a lokacin, kuma daga wani tudu da ke kusa da shi, mai suna Gaoling, Turawa suka samo sunan da suke kiran farar ƙasar nan da shi har gobe. Musulmi suna cikin farkon baƙin da suka san darajarsa suka yi fataucinsa da yawa. Malam Baihaƙi mai tarihi ya kawo labarin cewa Aliyu ɗan Isa, gwamnan Hurasan, ya aika wa Halifa Haruna Rashidu, wanda ya yi halifanci daga 786 zuwa 809, kyautar kwanonin Sin guda 20 irin na fadar sarkinsu, waɗanda ba a taɓa ganin kamarsu a Bagadaza ba, tare da wasu 2,000 na gama-gari. A shekara ta 237 ta Hijira, daidai da 851, aka rubuta labarin wani tajiri mai suna Sulaimanu wanda ya je Sin ya komo yana ba da mamakin kofunan yumɓu masu sirantakar gilashi, har ana hango ruwan da ke cikinsu. Teku ma ta ba da tata shaidar: a 1998 masu nutso suka tarar da wani jirgin ruwa ƙirar Larabawa, wanda aka ɗinke katakansa da igiya ba da ƙusa ba, kwance kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya tun wajen 830, cikinsa da kwanonin Sin kimanin 60,000.

Maginan Basra da suka ga wannan farin abu sun yi iyakar ƙoƙarinsu su kwaikwaye shi, amma da yake ba su da irin ƙasar kuma tanderunsu bai kai zafin ba, sai suka ɓullo da dabarar shafe yumɓunsu da farin ruwan kuza su yi zane a kai da shuɗi. Shuɗin nan, wanda ake haƙo ma'adininsa a ƙasar Farisa, shi ne daga baya fatake suka kai Sin, musamman a zamanin daular Yuwan ta Mangolawa, daga 1271 zuwa 1368, maginan Jingdezhen suka ɗora shi bisa farin tangaran ɗinsu, har suna kiransa shuɗin Musulmi. Ashe furen da ke bakin farantin kakata, ko da a ina aka buga shi, jikan wannan haɗuwa ne ta farar ƙasar Sin da shuɗin ƙasashen Musulmi.

Akwai kuma dalili na shari'a da ya ƙara masa kwarjini a fadojin Musulunci, wanda duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san shi: an haramta ci da sha a cikin ƙoren zinariya da azurfa. Sarkin da ke son ya nuna ƙasaitarsa a kan abinci ba tare da ya saɓa ba, sai ya sami mafita a cikin wani abu da ya kusa tsadar azurfa alhali asalinsa turɓaya ne, babu malamin da zai ce masa don me. Har yau a fadar Topkapi ta Istambul akwai kayan tangaran na Sin fiye da 10,000 da sarakunan Usmaniyya suka tara, kuma a 1611 Shah Abbas na Farisa ya yi waƙafin fiye da guda 1,000 ga hubbaren kakanninsa a Ardabil.

To, mu fa, ina muke a wannan zamani? Mutum guda ya ga ɓangarorin biyu da idonsa, shi ne Ibn Baɗɗuɗa mutumin Ɗanja. Ya ba da labarin yadda ake gina tangaran a Zaituna da Sin-Kalan, biranen da yanzu ake kira Quanzhou da Guangzhou, ana ɗaukarsa zuwa Hindu da sauran ƙasashe har ya kai Magrib. Bayan 'yan shekaru da zuwansa Sin kuma, a 1352 da 1353, ya ƙetare Sahara ya zo Mali ya biya ta Takedda, inda ya ambaci Gobir a cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfe. Abin da ya tarar ana ci ana sha a ciki a ƙasar Sudan shi ne duma, wanda ake fafewa a raba biyu a yi masa zane mai kyau. Dalilin kuwa a fili yake. Tangaran ɗan jirgin ruwa ne, ana shimfiɗa shi a ƙasan jirgi cikin ciyawa ya yi wata da watanni babu abin da ya same shi, shi ya sa biranen bakin teku irin su Kilwa da Gedi suka cika da shi har suna manna shi a bangon masallatai da kaburbura. Raƙumi kuwa sai an ɗora masa kaya kowace safiya an sauke kowace maraice, tafiyar wata biyu, yana durƙusawa yana miƙewa, kuma babu madugun da zai ba da wurin gishiri ko tufafi ko takarda ga abu mai nauyi wanda tuntuɓe ɗaya zai mai da shi tsingaro. Ɗan ɓallin tangaran na Sin da masu tonon kufai suka samu a Tadmakka, tsohon zangon ayari a arewacin Mali, ya isa shaida cewa yakan ƙetaro jefi-jefi, amma a matsayin abin mamaki, ba hajar kasuwa ba.

Sai dai akwai wani farin abu mai sheƙi da ya ƙetaro mana da buhu-buhu, wanda zumuntarsa da tangaran ta suna ce. Mutanen Italiya, tun zamanin Marko Polo, da suka ga santsi da ƙyallin kwanon Sin, ba su sami abin kwatanta shi da shi ba sai wuri, wanda a harshensu ake kira porcellana, kuma daga nan Faransawa da Ingilishi da Jamusawa suka ɗauki ɗaya sunan da suke kiran tangaran da shi. Wurin nan kuwa, wanda ake tsamowa daga tsibiran Maldib na tekun Hindu, shi ne kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Talatar Mafara da ta Bakura, shi ne wani matafiyi Bature, Barth, ya tarar a Kano a 1851 ana canza 2,500 da dalar azurfa guda. Matar da ta ƙirga wuri biyar-biyar a kan tabarma ta sayi sabuwar ƙwarya, tana riƙe da abin da Turawa suka ara wa tangaran suna, tun ba ta taɓa ganin tangaran ɗin ba.

Turawa sun daɗe suna saye ba su san yadda ake yi ba. Fotugis suka isa gaɓar Sin a 1513, 'yan Holan suka ƙwace musu wani babban jirgi a 1603 suka yi gwanjon kayansa a Amsterdam, daga nan son tangaran ya kama sarakunansu kamar zazzaɓi. Augustus, sarkin Sakisoni ta ƙasar Jamus, ya kai ga ba sarkin Furushiya mayaƙan doki 600 a 1717 domin ya karɓi kayan tangaran 151. Duk sanda na tuna da wannan ciniki na 'ya'yan mutane da tuluna, sai zuciyata ta sosu. Augustus ɗin ne kuma ya tsare wani saurayi mai da'awar alkimiya, Böttger, ya ce sai ya ƙera masa zinariya. Zinariya ba ta samu ba, amma a 1708 Böttger da wani masani mai suna Tschirnhaus suka dace da sirrin farar ƙasa da wuta mai tsanani, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Wani limamin Kirista Bafaranshe da ya zauna a Jingdezhen ya rubuto wasiƙu biyu, a 1712 da 1722, ya fayyace yadda ake aikin daki-daki. A Ingila aka gano farar ƙasa a yankin Cornwall, sa'an nan a shekarun 1790 Josiah Spode na garin Stoke ya daidaita wani haɗi nasu na kansu, wanda kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce, ya fito da tangaran mai haske da ƙwari da suke kira na ƙashi. Wanda ya ji wannan ya shiga waswasi, to malamanmu na Malikiyya sun riga sun tattauna hukuncin tokar abin da asalinsa najasa ne, kuma masu sharhin littafin Muhtasar na baya sun rinjayar da tsarkinta.

A daidai shekarun da Spode ke gab da kammala gwaje-gwajensa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, yana nan ƙasar Zamfara yana wa'azi wajen shekara biyar, har ya zauna a Faru, nan kusa da mu. Jama'ar da ke taruwa a majalisinsa da ƙwarya da ƙoƙo da akushi da ludayi suke ci suke sha, kuma wannan tsari ne cikakke da ba ya bukatar kowa daga waje: duma a bayan gida yake yaɗo, masassaƙi ya fafe akushi ya ƙona shi ya yi baƙi ya shafe da mai, magini ya ba da tukunya, mata su saƙa faifan rufi. Har karin maganarmu a kansu aka gina ta, muka ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe, muka ce ƙwarya tagari tana ragaya. Kayan Turai na cin abinci sun fara leƙowa ne ta kudu, ta hannun fataken Nufe. Wani matafiyi Bature, Clapperton, wanda ya sauka Sakkwato a watan Maris na 1824, ya rubuta cewa daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ana aiko masa da abinci a cikin tasoshin kuza masu hatimin London, wata rana ma aka kawo masa nama a cikin farin daro ƙirar Ingila, irin wanda su can suke wanke hannu a ciki. A wurin mutanen fada wannan girmamawa ce, sun zaɓo abin da ya fi kowane wuyar samu suka ba baƙo. Irin wannan daraja ce ta sa magina soro suke manna tasa ko faranti a tsakiyar rufin zauren sarki ko na attajiri, daidai inda bakan gizo suka haɗu, domin mai shigowa ya ɗaga kai ya gani.

Abin da raƙumi ya kasa, jirgin ƙasa ya yi shi. Bayan Nasara sun ci Sakkwato a 1903, dogo ya iso Kano a 1911, reshensa kuma ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Gusau ta cika da kantuna masu sayen gyaɗa da auduga da fata, masu sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kwanoni, 'yan koli kuma suna sarowa su ɗora wa jakuna su bi kasuwanni, ran Talata su baje a Mafara, daga nan kaya su watsu zuwa Bakura da Maradun da Kaya. Ta wannan hanya farantin kakata ya zo, a cikin kayan ɗakinta. Daga baya alhazai suka riƙa komowa da finjalai da butocin shayi a cikin tsaraba.

Amma fa ba tangaran ne ya ci kasuwar ba, kwano ne, wato ƙarfen da aka sa wa rigar tangaran: a buga farantin ƙarfe, a shafe shi da ruwan gilashi, a gasa, a yi masa fure ja da kore da rawaya. Yana da ƙyallin da ido ke so, ba shi da nauyi, in ya faɗi sai dai ya ɓantare ya yi baƙin tabo, in tabon ya yi tsatsa ya huje a kai wa mai liƙi ya toshe da darma. Da fari daga Turai ake kawo shi, sa'an nan daga Hongkong, har attajiran Hongkong ɗin suka taso da kansu suka kafa masana'antu a nan, ɗaya a Ikeja a 1960, wasu kuma a Kano. Dalilin nasararsa kuwa yana cikin yadda muke cin abinci. Bature a kan tebur yake ci, kowa da farantinsa, da wuƙa da cokali mai yatsu, shimfiɗaɗɗen faranti mai santsi shi ne daidai da shi. Mu kuwa a tabarma muke zama mu kewaye mazubi guda, tuwo yana son zurfi da murfi, miya tana son abin da ba za ta malale ba, kuma yaro ne ke ɗaukar abincin daga cikin gida ya kai zaure, ya kai gona, ya kai wa maƙwabta ɗauki da azumi, yana tafe yana wasa. Wace uwa ce za ta ɗora wa ɗan shekara shida faɗi-ka-mutu a ka ta ce ya kai wa babansa a fadama?

Saboda haka tangaran da ya zo ƙasarmu bai sauka a tabarma ba, bango ya hau, ya shiga jere. Wanda bai san ɗakin matan Hausa ba zai ɗauka jere ado ne kawai, alhali kuwa taska ce. Tun yarinya tana tallan fura uwarta ke tara mata, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi da na ɗan akuyar da aka kiwata, yau langa gobe samira jibi fanteka, ana ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ran jere kuma gwaggwanni da innoni su tafi gidan ango tun da safe, su daɓe ƙasa, su shafe bango da farar ƙasa, su jera kaya tun daga ƙasa har rufi, manya a ƙasa ƙanana a sama, a ɗora ɗan tangaran ɗin da aka samu a can bisa kamar rawani. 'Yan ganin ɗaki da ido suke ƙirgawa, su san ƙoƙarin uwa da ƙarfin dangi. Kuma duk abin da ke bangon nan mallakar matar ne a shari'a, miji ba shi da iko da ko murfi ɗaya. In fari ya zo, ko ciwo, ko auren ƙanwa, ita ce za ta sauko da biyu ko uku ta aika a sayar. Tangaran a cikinsu shi ne na ƙarshen fita, domin mai saye yana tsoron tsaga, mai sayarwa kuma tana jin kamar mutuncin ɗakin ne za ta sauke.

An taɓa yunƙurin a gina shi a nan gida. Gwamnatin Nasara ta ɗauko wani magini Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1952, da nufin a riƙa yin faranti da kofi masu ƙyalli da yumɓun ƙasar nan. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya wadda ta riga ta gwanance a ginin hannu irin na iyayenta, ta shiga makarantar, ta riƙa gina tulunanta na gargajiya da zanen kada da ƙadangare da kifi ana gasa su a tanderu mai zafi, har sunanta ya kai London, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Kayan Abuja sun sami masu so a cikin Turawa da manyan ma'aikata, amma ba su iya karawa da arahar kwano a kasuwar ƙauye ba. Abin da ke ci mini rai shi ne irin farar ƙasar da Böttger ya dace da sirrinta tana nan jibge a Ƙanƙara ta jihar Katsina, maƙwabciyarmu ta gabas, da kuma ƙasar Jos. Ƙasa muna da ita, hannu muna da shi, wutar da za ta kai digiri 1,300 ta tsaya a nan kwana da yini ita ce ba mu tanada ba.

Yau jeren bango ya koma cikin kabad mai gilashi, roba da silba da kula sun ture kwano kamar yadda kwano ya ture akushi, amarya kuma ba ta cika ba sai da saitin tangaran na mutum shida ko goma sha biyu, wanda 'yan kasuwar Kano ke sarowa daga Guangzhou, Sin-Kalan ɗin nan da Ibn Baɗɗuɗa ya gani. Kalmar Turawan ma ta shigo bakinmu, amma da wata ma'ana dabam: in yaro a kasuwar Mafara ya ce waya ko tocila 'yar Caina ce, yana nufin mai araha ce wadda ba a sa ran ta daɗe. Sunan da ya shekara fiye da dubu yana nufin abin da halifofi ke karɓa kyauta, cikin shekara talatin ya zama sunan abin da talaka ke iya saye, kuma ni ban ga aibin mutanen Sin a nan ba, domin tun zamanin jirgin Belitung suna gina na sarki suna gina na gama-gari, kowa abin da aljihunsa ya ɗauka yake ɗaukowa.

Farantin kakata, da ta rasu, gwaggona ce ta gāje shi, ta tafi da shi ƙauyen da take aure a bakin gulbin Sakkwato. Sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, tsakanin 1974 da 1978, aka tashi garuruwa da ƙauyuka na ƙasar Maradun domin ruwa zai ci su, tashin da ɗacinsa ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980, ƙauyensu yana cikin waɗanda aka ce su kwashe. Na je taya su ɗaurin kaya. Na ga ta naɗe farantin a cikin tsohon zanen saƙi, ta binne shi a tsakiyar fanteka cike da gero, ta ɗaure murfin da tsumma, ta hana a sa a mota, ta ɗauka a kanta ta bi sahun jakuna da ƙafa. Ya isa sabon mazauni lafiya. Bayan shekara biyu, wata jikarta tana share ɗaki, tsintsiya ta taɓa shi. Gwaggo ba ta daki yarinyar ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya a cikin faifai, da aka tashi yaɓen ɗakin da kaka kuma ta sa magini ya manna su a cikin ɗanyen yaɓe a saman ƙofa, shuɗin furen yana duban tsakar gida.